“Mu” Ɗin Nan Ni Ce

Parit Jawa,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Hilmi, sanyin idona, hasken da ke kwanciya a kan teku bayan an ɗauke ruwan sama, iskar yamma da ke shigowa ta tagar aji ta ɗaga shafin littafi ba tare da ta nemi izini ba. Zuwa ga wanda sunansa ya fi ruwan ɗanyar kwakwa daɗi a bakina, ko da yake ban cika furta shi da ƙarfi ba. Assalamu alaikum.

Na san yanzu ka juya takardar nan kana duba bayanta, ko abokinmu Tinesh ne ya shirya maka tsiya. Ba shi ba ne. Dubi rubutun da kyau, ai ka san shi, shi ne wanda ka yi shekara biyu kana kwafa da sauri kafin Malama Rohana ta shigo aji. Nabiha ce. Ƙamus ɗinka ce. Don Allah kada ka yi dariya tukuna. In kuwa ta ƙi riƙuwa, yi ta a hankali ka gama, sannan ka ci gaba, domin ban taɓa rubuta irin wannan ba.

Ƙawata Pui Yee ce za ta kawo maka ita tare da memorin fim ɗinka. Na gama aikin da ka ba ni. Fassarar Turancin da masu gasar fina-finan suka ce lallai a sa a ƙasan hoto, na bi ta layi bayan layi na gyara maka kurakuran, kuma Hilmi, suna da yawa! Ranar Asabar za a haska fim ɗin a zauren makaranta, ranar Lahadi jirgi ya ɗauke ku zuwa Tawau, can jihar Sabah. Akwai kalma ɗaya a can ƙarshe wadda na gyara, kuma ba zan iya bari ka gan ta a bango a gaban jama'a ba tare da na gaya maka dalili ba. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Amma bari in fara daga farko, yadda aka koya mana a darasin insha'i.

Ka tuna ranar da ka fara zuwa? Muna aji huɗu na sakandare, an yi wa mahaifinka canjin wurin aiki daga Sabah. Ka shigo da jaka a kafaɗa ɗaya da wando wanda bai kai idon sawu ba, ka wuce kai tsaye ka zauna a kujerata ta bakin taga. Na dawo daga ofishin malamai na tarar da kai. Na tsaya rungume da littattafai, da ƙyar na iya cewa, “Nan wurinmu ne.”

Ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin tebur. Ka leƙa bayana. Ka ce, “Ku nawa ne? Ni dai kujera ɗaya na gani.”

Aji ya ɗauki dariya, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Pui Yee ce ta taso daga layin baya tana nuna ka da rula: “Kai baƙo, ɗaga mata! Ita kaɗai ce ‘mu’ ɗin. Haka 'yan matan nan suke magana, sai ka koya. Ka zo garin mutane da ɗangalallen wando kana neman rigima!”

Kita. 'Yar kalmar nan ta yarenmu da ba ta kai cikin baki ba. A littafi “mu” ce, kowa ya sani. A bakin yarinya irina kuwa “ni” ce da ta rufe fuska. Tun ina ƙarama da ita nake kiran kaina: mun gaji, muna jin yunwa, mun manta littafinmu a gida. “Ni” nauyi take yi mini, kamar a kira sunana in fito ni kaɗai tsakiyar fili ranar Litinin, makaranta duka na kallo. “Mu” kuwa tana da wurin ɓuya. In na faɗi abu da ita, sai in ji kamar akwai waɗansu tsaye a bayana da za su raba kunyar da ni.

Kuma ka koya, Hilmi. Ka koya har ka mai da ita abin tsokana. “Ƙamus, ke da jama'arki kun yi aikin gida? A ba mu mu gani.” “Ƙamus, tawagar taki ta ci abinci kuwa?” Ina sunkuyar da kai ina cewa ka daina, alhali duk ranar da ba ka faɗa ba sai in koma gida kamar an manta ba a ba ni wani abu nawa ba.

Yaushe abin ya fara? Wallahi ban sani ba. Ka san yadda ruwa yake dawowa a tashar masunta. Kana tsaye a kan gadar katako, ƙasa duk taɓo, jiragen kwance a kan haƙarƙarinsu, ƙaguwa na ta yawonta. Ka juya ka yi magana da wani, ka waiwayo, sai ka ga taɓon ya ɓace, jiragen nan duk sun miƙe suna rawa a kan igiyoyinsu. Wa ya ga shigowarsa? Haka ka cika ni. Na farka wata safiya na tarar da duk abin da ke kwance a cikina ya miƙe. Muryarka ta zama mini kamar ruwan farko a kan kwanon rufi, dariyarka kamar tashin balbelu daga gonar shinkafa, fari fat, gaba ɗaya. In ka shigo aji a makare, gashinka a jiƙe, sai in ji har allo ya ƙara haske. Kai, ya abin ƙaunata, ka san irin wahalar da mutum ke sha idan yana son kallon abu guda a ɗaki, kuma shi kaɗai ne abin da ba zai iya kallo ba?

Ranar da muka rubuta takardar jarrabawa ta ƙarshe, kowa ya fito da alƙalamin maka ana ta rubutu a rigunan juna, ana ihu, har mai gadi ya gaji ya zauna. Ka zo wurina da shuɗin maka ka tsaya, ka rasa inda za ka sa shi. Pui Yee ta ja bakin hannun rigata ta miƙar da shi kamar allo don kada yatsanka ya taɓa ni. “Rubuta mana, malam, ba hoto muke ɗauka ba!” Ka rubuta: Ƙamus da jama'arta, Allah ya bar zumunci. Da na koma gida mahaifiyata Mak ta ɗaga rigar ta ce, “Farar riga mai kyau kun mai da ita allo. Kawo in jiƙa ta ko za ta fita, 'yar maƙwabta ta samu.” Na roƙe ta ta bar mini. Ta dube ni ta gefen ido, ta miƙo mini ita.

Sai watannin jiran sakamako suka zo, dogaye, babu ƙararrawa, babu mai tambayar ina muke. Da safe in taya Mak a rumfarta ta abinci, in yanka albasa, in jajjaga barkono har idona ya yi ja. Da rana ba inda za a je. Kai ne ka cece mu da haukar nan taka. Ka ce za ka yi fim a kanmu mu huɗu, a kan abin da ke samun abokai bayan an rufe musu ƙofar makaranta, da wayarka mai tsagaggen gilashi.

Tinesh ya ce, “A sa masa suna Marasa Aikin Yi Huɗu. Ni ne jarumi, Pui Yee ce muguwar.”

Pui Yee ta ce, “Jarumi da wannan tumbin? Sai dai ka fito a buhun shinkafa.”

Ni kuwa na ce, “Mu dai kada a ɗauke mu.”

Ka ce, “To, Ƙamus da jama'arta su riƙe sauti.”

Sautin ke nan: tsohuwar wayar Tinesh a cikin safa saboda iska, ɗaure a kan gorar kamun kifin mahaifina Abah. Na bi ku da ita gonakin kwakwar manja, na bi ku tashar mota, na bi ku bayan makaranta inda muka leƙa ta shingen waya muka ga waɗansu yara zaune a ajinmu kamar ba a taɓa yin mu ba. Hannuwana sun yi tsami, kafaɗata ta riƙe, Mak na shafa mini man zafi tana mita. Amma ina tsaye a gefenka, dab da kafaɗarka ta hagu, inda kyamara ba ta gani. Wa ya taɓa samun wuri irin wannan? Na san yadda kake riƙe numfashi idan kana ɗauka. Na san yadda kake cije leɓe idan haske ya ƙi. Na san ƙanshin sabulun wankin gidanku. Da za a ce in zaɓa tsakanin inuwar kowace bishiya ta garin nan da tsayuwa a cikin rana a gefenka, ai ka san inda za a same ni, da gora a sama.

Ka tuna ranar da Tinesh ya bi tsuntsayen nan masu sanƙo cikin taɓo, ya nutse har cinya? Yana ihu, “Hilmi, ajiye wayar nan ka ciro ni, ɗan banza!” kai kuwa kana cewa, “Ƙara ihu, hasken ya yi kyau!” Na yi dariya har safar ta tsoma a ruwa. Da ranar da Mak ta ɗora maka kan kifi a miyar asam pedas ta ce, “Ci, yaron Sabah, dubi wuyanka kamar na zalɓe. A can ba a ba ku abinci ne?” Yaji ya sa ka hawaye kana ce mata, “Daɗi ne, Makcik, daɗi ne ya sa.” Duk suna cikin fim ɗin. Na kalle su har na haddace, kuma yanzu ko ɗaya ba ya ba ni dariya, domin na gane tun a lokacin bankwana kake ɗauka, mu muna tsammanin wasa ne.

Sakamako ya fito ya raba mu yadda ake raba kifi a bakin tasha, kowane kwando da motarsa. Pui Yee za ta Singapore koyon aikin jinya. Tinesh za shi garejin kawunsa a Klang. Mahaifinka aka mai da shi Tawau, can bayan teku, inda ko agogonmu ya zo ɗaya rana takan riga ta faɗi a wurinku. Ni kuwa aji shida a Muar, motar safe, in dawo rumfar Mak da yamma. Ni aka bar wa garin. Ina murna da kowa, Allah ya sani, amma ka taɓa tunanin yadda hanyar tasha za ta zama ga wadda ta san inda kowannenku ya taɓa tsayawa a kanta?

Sai ranar ɗauka ta ƙarshe. Ka ce fim ɗin zai ƙare a gadar masunta, kowa ya yi maka bankwana a gaban kyamara tunda kai za ka fara tafiya. Pui Yee ta fizge gorar daga hannuna. “Yau sai kin shiga. Fim a kan mutum huɗu, an ga biyu, an ji muryar ɗaya, ta huɗun inuwar sanda? Wuce!”

Tinesh ya fara. “Ka gaida 'yan'uwanka birai masu dogon hanci, ka ce musu mun kula da kai.” Sai muryarsa ta karye, ya ce wai ƙwaro ne ya faɗa masa a ido. Pui Yee ta yi nata daga bayan gora: “Ka tafi mu huta. Kuma ka dawo mini da cajata kafin ka hau jirgi, ɓarawo.” Sannan ka juyo da wayar kaina. Tinesh na nan tsaye a gefena yana goge hanci.

Rana ta sunkuya kan teku, komai ya yi launin ɓawon lemo. Na dubi ɗan baƙin idon wayar, na ga naka idon a samansa. Duk abin da na shirya, fatan alheri da addu'ar sauka lafiya, ya gudu ya bar ni. Sai na ji bakina ya ce, “Muna ƙaunarka, Hilmi. Ba mu san yadda za mu yi ba idan ka tafi.”

Kita na ce. Ba ni da wata kalmar.

Ka yi dariya ka ce, “Ni ma ina ƙaunarku, ku duka, marasa aikin yi!” Tinesh ya yi tafi yana ihu. Gorar ta sauko ta ƙwale ka a ka, Pui Yee ta ce wai hannunta ne ya gaji. Ka shafa wurin ka ce, “Shi ke nan, mun samu! Wannan shi ne ƙarshen.”

Wayyo, Hilmi! Shekara biyu ina tara maganar nan kamar mai tara ruwan sama a randa, ɗigo bayan ɗigo, ranar da na ɗauko ta da hannu biyu na miƙa maka, sai ka karɓa ka raba wa kowa. Na yi murmushi, yana nan a fim ɗin, za ka gan shi. Ban san fuska tana iya yin haka ba alhali ƙirji na tsagewa kamar ɓawon ɗan itacen durian da ya faɗo daga sama. Ashe mutum zai iya faɗin gaskiyarsa duka, da ƙarfi, a gaban kyamara, a ji shi sarai, kuma ya koma gida ba a ji shi ba?

A hanyar komawa Pui Yee ta yi ta harbin duwatsu. Can ta ce, “Ni da na yi firamaren Sinanci na gane, shi da yarensa ne zai ce bai gane ba? Ko daƙiƙi ne, ko matsoraci. Zaɓi ɗaya.”

Na ce, “Wataƙila don Tinesh na tsaye kusa da mu ne.”

Ta tsaya cak. “Kin ji ki! ‘Kusa da mu.’ Ke da wa? Biha, ki yi ta ɓuya a cikin taron da babu shi har yaron nan ya hau jirgi.”

Na yi fushi da ita har muka rabu a kwanar gidansu ba sallama, saboda gaskiya ta faɗa.

Daga baya ka kawo mini memorin da fassararka, kana kan babur ko sauka ba ka yi ba. “Ƙamus, kurakurai kawai za ki duba mini, kada ki canza mini zance.” Na ce to. Turanci ba shi da tausayi, ya hasken raina. Ba shi da kalmar da yarinya za ta shiga ta ja labule. Ko ni, ko mu; dole mai fassara ya tsaya a gefe ɗaya. Na yi ta gyara, ina jin daɗin kurakuranka kamar ina jin muryarka, har na kai layin ƙarshe, na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin fuskata. Mu.

Na mayar da wurin baya na sake kallo. Na sake. Sai na ga wani abu da ban gani ba a kan gadar. Kai da hannunka ba ya rawa, kai da ka ci gaba da ɗauka ranar da kare ya biyo mu a gonar manja, kowa na gudu hoton bai karkace ba. Amma a nan, tsakanin maganata da dariyarka, hoton ya sunkuya. Fuskata ta fita, aka ga katako da takalmana, sannan ya dawo. Bai kai numfashi ɗaya ba. Kuma ba ka yanke shi ba, kai da kake yanke ko tarin Tinesh.

Iska ce? Katakon ne ya motsa a ƙarƙashinka? Sauro ne ya cije ka? Ko kuwa ka ji, Hilmi? Ko ka ji sarai, kai da ka yi shekara biyu kana tsokanata da jama'ata, sai ka tausaya mini, ka buɗe mini ƙofar “mu” don in fita da mutuncina? Idan haka ne, ai kirki ka yi mini, kuma ban taɓa sanin kirki yana ciwo irin wannan ba. Ko kuwa kai ma tsoro ka ji? Kullum sai in auna ukun nan ina yanka albasa, Mak na cewa albasar bana ta cika yaji. Wani lokaci in ce daƙiƙi ne, in ji sauƙi. Wani lokaci in ce ya sani, ba ya so, in ji kamar an kife mini tukunya a ka. Na ukun kuwa ba na barin kaina in daɗe a kansa, don ya yi daɗi da yawa.

Ga abin da na yi. Ka ce in gyara kurakurai, kuma wannan kuskure ne. Ni na yi maganar, na san abin da na ce. Ban taɓa mayar maka da aiki da kuskure a ciki ina sane ba, ko na lissafi, ko na tarihi, ba kuma zan fara da wannan ba. Na goge “mu” na rubuta “ni”. Yanzu a ƙarƙashin fuskar yarinyar nan mai murmushi an rubuta: Ina ƙaunarka, Hilmi. Ban san yadda zan yi ba idan ka tafi.

Kada ka zaci ban san abin da hakan ke nufi ba. Zauren zai cika. Malama Rohana za ta zauna a gaba da tabaraunta, 'yan ajinmu duka, da ƙannen da muka bari, da mahaifiyarka. Kunnensu zai ji kita, su ga Tinesh a gefena, su ce abokai ne ke bankwana. Sai idonsu ya sauka ƙasa ya karanta. Mak ba ta jin Turanci, amma kafin ta kai bakin ƙofa ba za a rasa mai fassara mata ba. Ku za ku tafi, ni ce zan ci gaba da miƙa wa mutanen nan faranti kowace safiya suna kallona suna murmushi. Ni da ba na iya tambayar direba canji! Amma na auna kunyar nan da wani abu, na ga ta fi shi sauƙi: ka tsufa a can bayan teku, wata rana ka kunna wa 'ya'yanka fim ɗin, ka nuna ni ka ce, wannan Ƙamus ce, kun ji yadda abokaina suke ƙaunata. A ce ko a wurinka ban taɓa zama mutum ɗaya ba.

Ka lura? Tun daga saman takardar nan “ni” nake cewa. Kowace ɗaya sai da na ji kamar na cire takalmi a kan kwalta da tsakar rana. Amma ga shi na taka, ban mutu ba.

Ban ce kada ka tafi ba, ya sanyin zuciyata. Ba kai ka zaɓa ba, kuma ko kai ne, wace ce ni? Ban nemi alkawari ba, yara ne mu, ko katin zaɓe ba mu taɓa riƙewa ba. Ban nemi abin da Allah ya hana ba, ban nemi abin da zai sa Abah ya sunkuyar da kai a masallaci ba. Ban ma ce ka so ni ba. Abu ɗaya nake roƙo: ka ji maganar yadda aka faɗe ta, sau ɗaya, daga bakin wadda ta faɗe ta, ba kowa a bayanta.

Fim ɗin naka ne. Layin yana can ƙarshe, ka san yadda ake canzawa, ba zai ɗauke ka lokacin shan shayi ba. In ka ga dama ka mayar da “mu”. Kada ka kira ni, kada ka aiko Pui Yee, kada ka tsaya a rumfar Mak kana sosa ƙeya. Ba zan iya ɗaukar amsa daga fuskarka ba, kowace iri ce. Ranar Asabar zan zauna a layin baya, kusa da ƙofa. Idan majigi ya kai kan gadar, zan ɗaga kai in karanta.

In na ga “ni”, ban san abin da zan yi ba. Wataƙila in rufe fuska da mayafi in gudu, ka yi haƙuri. Ba zan ɗauka ka ce kana so na ba. Zan ɗauka ka ji, kuma ba ka ji kunyar a san an ƙaunace ka ba. Wannan ya ishe ni guzuri.

In kuwa na ga “mu”, kuma zuciyata ta fi gaya mini ita zan gani, wallahi ba zan riƙe ka ba. Ba zan yi kuka a zauren ba. Zan tafa tare da kowa, in tsaya a yi hoto, in ce maka Allah ya kiyaye hanya. Ba ƙarya za ka sa a bango ba, ai su ma suna ƙaunarka. Alƙalan gasa ba za su ga komai ba, Malama Rohana ma za ta ce fassara ta yi kyau. Mutum biyu kaɗai a duniya za su san akwai kuskure ɗaya a fim ɗin nan, kuma da gangan aka bar shi. Ko wannan ma wani abu ne da zai zama namu, ni da kai.

Damina za ta zo ta wuce, 'ya'yan rambutan su nuna su ƙare, yaran da ke ajinmu yanzu su ma su fita su watse. Za ka yi sababbin abokai, wata rana saƙonni su ragu, wata rana su tsaya. Na sani, kada ka ji nauyi. Ni dai ina nan inda ka bar ni, sunanka na cikin addu'ata bayan kowace salla, Allah ya tsare ka a tudu da ruwa, ya ba hannunka albarka, ya haɗa ka da masu jin maganarka tun a karon farko.

An kira magariba, Pui Yee na bakin ƙofa tana danna hon tana cewa in ban fito ba za ta shigo ta ƙwace ta karanta da ƙarfi. Zan naɗe kafin ƙarfin halina ya ƙare.

Taka har ƙarshen numfashi, ko an rubuta ko ba a rubuta ba,

Nabiha binti Sarkawi